Keken da ka sayar shi ne allon tallarka: yadda mai shagon kekuna a Maraɗi zai gina suna

Kekunan da ke shigowa Maraɗi kusan daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. Sababbi suna zuwa cikin kwali, yawancinsu ƙirar Sin da Indiya, na gwanjo kuma suna zuwa a jibge daga ƙetare. Kai da maƙwabcinka kaya ɗaya kuke sarowa, kuɗin ma bambancinsa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa in ka tambayi mutum inda ya sayi kekensa sai ya ce maka "a kasuwa", ko "wajen masu keke". Wanda ya haɗa masa shi, ya ɗaure sifoki, ya daidaita birki, har ya yi masa ragi, sunansa ya ɓace tun kafin a fita ƙofar kasuwa. Abin da ake so shi ne amsar nan ta koma sunanka.

Kana da abin da mai sayar da shinkafa ko siminti ba shi da shi. Hajarka tana yawo. Keke ɗaya zai yi shekaru yana zagaya gari, ya tsaya ƙofar masallaci sau biyar a yini, ya yi rabin yini a jingine a bangon lakwal, ya je Tibiri ya dawo, ya shiga kasuwa ran Litinin da ran Juma'a. Babu allon da za ka kafa a bakin titi da zai ga idanu kamar haka, kuma ba ka biyan haya. Saboda haka kuɗin talla na farko a jikin keken ya kamata ya tafi, rediyo da intanet su biyo baya.

Sunan da baki zai iya ɗauka

Dogon sunan nan na takarda, mai farawa da "Ets" ya ƙare da "et Frères", bar shi a kan rajistar kasuwanci da takardar haraji. Na titi daban ne. Ya zama gaɓa biyu ko uku, wanda tsohuwa daga ƙauye da yaro ɗan shekara bakwai za su faɗa ba tare da harshe ya sarƙe ba, kuma wanda za a iya zana hotonsa. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke mantawa. Da yawa cikin masu sayenka ba sa karanta boko, amma kowa yana gane raƙumi, zakara, barewa ko tauraro. Manyan kamfanoni sun daɗe da sanin haka: Raleigh ta Ingila tana da kan zalɓe a goshin kekenta, Peugeot tana da zaki, Phoenix tana da tsuntsunta, Flying Pigeon kuma tattabara ce a sama. Mutum yana nuna hoton da yatsa ya ce "mai tsuntsun nan nake so", ciniki ya faɗa.

In ka zaɓi suna, gwada shi kafin ka kashe ko dala. Faɗa wa mutum goma, a fada wajen shayi ko a majalisar ƙofar gida, sau ɗaya kawai. Bayan kwana uku ka koma ka tambaye su. In fiye da uku sun manta ko sun murɗe shi, sunan bai zauna ba, canza. Ka kuma zagaya layin masu keke da masu kayan moto, kada ka tarar wani ya riga ka.

Sai kirari. Mu ba baƙin kirari ba ne, yana jikin motocin haya, yana bakin maroƙa. Amma kirarin shago alkawari ne, kuma za a zo a tambaye ka shi. "Babu kamarmu" ba ya cewa komai, kowa ma haka yake faɗa. "Ka saya, mu ɗaure maka kyauta bayan wata ɗaya" magana ce da mutum zai riƙe, ya kuma faɗa wa wani. Kada ya wuce kalma takwas ko tara.

Wanda harkarsa ta yi ƙarfi, har yana sa a buga masa sunansa a kan taya ko sirdi daga masana'anta, ya yi rajistar tambarin. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambura mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya tana kare tambari a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa. A rajistar, kekuna suna rukuni na 12, aikin gyara yana na 37. Ƙaramin shago ba ya buƙatar wannan a shekarar farko.

Launi ɗaya, tambari ɗaya

Kamfanin Bianchi na Italiya, wanda aka kafa a Milan a 1885, an san kekensa daga nesa da wani launi tsakanin shuɗi da kore mai haske, ko ba a ga rubutu ba. Ba a kai ga haka da wayo ba, sai da naci: launin nan dai, shekara da shekaru. Ka zaɓi launi ɗaya na ƙasa da ɗaya na rubutu, masu tashi a kan juna, kamar baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu. Ranar Maraɗi ba ta da tausayi, a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, kuma ja shi ne farkon koɗewa, sai launukan nan masu ƙyalli kamar na rigar ƴan aikin hanya. Fari zalla kuma jar ƙura tana cinye shi cikin mako. Ka guji launin da aka san wani kamfanin waya ko wata jam'iyya da shi, don kada shagonka ya zama tallar wani.

Da ka tsayar da launi, shafa shi a kan guntun ƙarfe, rubuta sunan fentin da lambarsa a baya, ka adana a cikin akwati inda rana ba ta kaiwa. Duk lokacin da za a sake fenti ko buga sitika, da wannan guntun za a gwada. In ba haka ba, bayan shekara biyu za ka tarar ƙofa launinta daban, allo daban, sitika daban.

Tambari yana da jarrabawa uku. A buga shi daidai girman kwabon dala ashirin, a gani ko ana gane shi. A yi masa hoton kwafi baƙi da fari. A yanka shi a jikin roba mai kauri a fesa fenti ta ciki. Tambarin da ya faɗi ɗaya daga cikin ukun nan ado ya yi masa yawa: a cire inuwa, a cire ƙananan layuka, a rage launi. Kuma ka karɓi asalin fayil ɗin daga hannun mai zanen, irin wanda ake faɗaɗawa ba ya fashewa, PDF ko SVG. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, in aka buga shi a babban allo sai ya fito dishi-dishi. A turo shi a matsayin takarda.

Allon shago kuwa, lissafinsa mai sauƙi ne: kowace mita 3 ta nisa tana son harafi mai tsayin santimita 2 da rabi. In daga tsallaken titi ake hangowa, mita 20, to haruffan sunan su kai santimita 17. Suna, hoto, lambar waya, shi ke nan. Lambar nan mai alƙaluma takwas a raba ta biyu-biyu yadda ake faɗar ta. Layi ɗaya na ajami a ƙarƙashin sunan yana jawo mutanen da sauran alluna suka yi watsi da su, amma a ba malamin da ya iya ya rubuta, mai fenti ya kwafa.

Sitika: inda ake mannawa da abin da ke ɓare ta

Sitikar takarda asarar kuɗi ce, ruwan farko zai tafi da ita. Ka ce wa mai bugawa ta roba kake so, irin ta jikin mota, kuma a rufe ta da fatar nan mai haske da ke kare tawada daga rana. Ta fi tsada, amma ba tare da rufin ba rubutun zai dushe kafin damina ta zagayo. A fara da ɗari biyu ko uku, kada a buga dubu kafin a ga yadda ta jure.

Wuri uku ne suke da amfani. Na farko, kuma mafi daraja, murfin tayar baya: duk wanda ke bin mai keken a baya shi yake kallo, kuma in an jera kekuna a ƙofar lakwal shi ke fuskantar hanya. Sitika mai faɗin santimita 4 da tsawon 10 ta isa, tambari a sama, lambar waya a ƙasa. Na biyu sandar da ke ƙarƙashin sirdi, a manna ƙarama mai zagaye sandar. Na uku murfin kaca, ga kekunan da ke da shi. Sandar sama kada ka ɓata sitika a kanta, nan ake ɗora buhu, nan yaro ke zama, riga tana gogar ta kullum. Kada ka rufe tambarin masana'anta, kada kuma ka rufe lambar da aka buga a jikin ƙarfen.

Yawancin sitikar da ke ɓarewa laifin mannawa ne. Sabon keke yana fitowa daga kwali da maiƙo a jikinsa, na gwanjo kuma da ƙura da tsohon giris. A wanke wurin da ruwan sabulu, a bari ya bushe sarai, a goge da alkol na kantin magani. Fetur yana barin maiƙo kuma yana cin wani fentin, a bar shi. A yi aikin a inuwa, ƙarfen da ya sha rana yana narkar da gam kafin ya kama. A fara dannawa daga tsakiya zuwa gefe da babban yatsa don iska ta fita. A sa mai bugawa ya zagaye kusurwoyin, domin daga kusurwa mai tsini ɓarewa ke farawa, kuma nan farcen yara ke samun shiga. Kada a wanke keken sai bayan kwana ɗaya.

Ka gaya wa mai saye kafin ka manna. "Alhaji, zan sa maka shaidar shago, da ita za a gane namu ne in ka kawo gyaran kyauta." In sitikar tana da amfani gare shi ba zai ɓare ta ba. Wani abu kuma da ya zama ruwan dare: manna sunan Shimano ko na wani babban kamfani a kan kayan da ba nasu ba. Mai faci na farko da ya duba zai gane, kuma shi ne zai ba da labarin.

Katin alkawari

Kowane sabon keke yana sakin jiki cikin makonnin farko. Wayar birki tana miƙewa, sifoki suna zaunawa su yi sako-sako, ƙusoshin kariya da na murfin taya suna kwancewa saboda girgizar hanya, a manyan kekunan nan na kaya kuma fin da ke riƙe hannun feda yakan fara wasa. Wannan ba aibi ba ne, haka ƙarfe yake. Amma mai saye bai sani ba, shi dai ya ga keken wata ɗaya yana ƙara, sai ya ce an cuce shi. Ka riga shi: ka ba shi kati, ka ce ya dawo bayan kwana 30 a ɗaure masa komai kyauta. Aikin minti ashirin ne ga yaron shago, kuma mutum ba ya cika fita hannu sake, zai sayi ƙararrawa, makulli ko fitila.

Katin ya zama mai kauri, santimita 8 da rabi a 5 da rabi, ya shiga aljihu. A gaba tambari da lambar waya. A baya a rubuta ranar saye, irin keken, girman taya, ranar dawowa, da lambar jikin keken, wadda yawanci take ƙarƙashin inda feda ke juyawa, sai an kifar da keken ake ganin ta. Ka rubuta abu ɗaya a littafin shago tare da lambar wayar mai saye. Ranar da aka sace keke, kai kaɗai ne a layin za ka iya cewa ga lambarsa, ga ranar da aka saya. Irin wannan labarin yana tafiya da ƙafarsa.

A faɗi abin da alkawarin bai ɗauka ba, da baki kuma a rubuce: faci, tayar da ta fashe, gargaren da ya lanƙwashe saboda lodi ko karo. Kada ka ce "garanti" ka yi shiru, kalmar nan kowa da yadda ya fahimce ta, kuma rigimar a ƙofar shagonka za a yi ta.

Akwai darasi a labarin VanMoof, kamfanin kekunan lantarki na Holan. Sun iya dabarar talla ƙwarai. Da suka ga ana lalata musu kekuna wajen jigila, sai suka buga hoton talabijin a jikin kwalin, masu dako suka riƙa ɗauka da lallami, ɓarnar ta ragu sosai, jaridun duniya suka yi ta ba da labarin kyauta. Duk da haka kamfanin ya karye a watan Yulin 2023, kuma cikin dalilan akwai nauyin gyara: kayan kekunansu nasu ne su kaɗai, mai gyaran unguwa ba ya iya taɓawa. Kafin ka tallata wani irin keke da sunanka, tabbatar tayarsa, tiyub ɗinsa da robar birkinsa suna samuwa a Maraɗi.

Masu faci

Mutumin da aka fi yarda da maganarsa kan keke ba mai sayarwa ba ne, mai faci ne. Yana ganin cikin kowane keke, kuma ana tambayarsa "Malam, wane iri ne mai ƙarko?" sau da yawa a yini. A garin da tsidau da ƙaya suka cika hanyoyin yashi, babu mai keken da zai yi wata bai zauna a bencinsa ba.

Zaɓi biyar zuwa takwas, kada ka wuce abin da za ka iya zagayawa a mako. Nemi waɗanda ke mashigar gari, ta hanyar Ɗan Isa da Madarunfa, ta hanyar Tibiri, da na kusa da manyan makarantu da tasha. Kafin ka yi wa kowa magana, aika yaro da keke a yi masa faci, ka duba aikin. Wanda facinsa ke tashi bayan kwana biyu, in ka rataya masa tambarinka sunanka ne ke tashi.

Abin da za ka ba shi ya zama abin aikinsa: laima babba mai launin shagonka, ko famfo mai kyau da aka yi wa fenti, ko bahon ruwan da ake neman huji a ciki. Famfon ya zama mai cin kowane irin baki, domin kekunan gwanjo na Turai da yawa suna zuwa da siririn bakin tiyub wanda famfon moto ba ya kamawa, kuma mai facin da ke iya hura su zai yi suna a unguwa. Riga mai tambari ba ta daɗewa, giris zai gama da ita, ko ta koma jikin ƙanensa.

Batun la'ada a yanke shi tun farko. Ka ba kowane mai faci ƴan takardu masu lambarsa, wanda ya zo da takardar ya sayi keke, mai facin yana da kuɗi kaza. A tsayar da adadi ɗaya ga kowa, a biya ran Juma'a, hannu da hannu ko ta waya. Jinkirin la'ada sau biyu ya isa ya mayar da mai yabonka mai kushe ka. Ka kuma sayar musu da kayan gyara a kuɗin sari, wannan ya fi la'adar ɗaure zumunci.

Hoto da waya

Ana ɗaukar keke ta ɓangaren kaca, wato dama, don nan ne mai saye ke ganin abin da zai biya. A goge shi, a hura tayu, a daidaita sirdi, a jingine shi a bango marar tarkace, kullum bango ɗaya, wanda aka shafa wa launin shago. Mai ɗauka ya durƙusa har wayar ta zo daidai tsayin sirdi ko ƙasa kaɗan. In an ɗauka daga tsaye keken yakan fito gajere kamar na yara. Hasken safe kafin ƙarfe tara ko na bayan la'asar ya fi, na tsakar rana yana ƙona hoto. Na gwanjo a nuna tabonsa a hoto na kusa. Wanda ya taso daga Gidan Runji saboda hoto ya tarar da tsatsar da aka ɓoye, ba zai dawo ba, kuma ba zai yi shiru ba.

A rubuta kuɗi. "Zo mu yi magana" yana korar mai kunya da mai nisa. A rubuta girman taya daidai yadda yake a jikinta, domin nan ake yawan rikici: 28 na babban keken kaya gargarensa milimita 635 ne, 28 na kekunan Turai kuma 622, tayar ɗaya ba ta hawa ɗayan. Haka 26 ma iri-iri ne, akwai 559 na kekunan hawan dutse, akwai 590. Shagon da ke tambayar "karanta mini lambar da ke jikin tayar" kafin ya sayar, an san ya san aikinsa.

WhatsApp Business kyauta ne, yana da wurin jera kaya har 500 da hoto da kuɗi. Saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256, amma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, don haka a sa mai saye ya adana ta tun yana shago. Kowane hoto a bi shi da saƙon murya na daƙiƙa ashirin zuwa talatin da Hausa, da yawa sauraro suke ba karatu ba. Sau biyu a mako ya isa. Zuba mutane cikin rukuni ba da izininsu ba hanya ce ta sa a toshe lambarka. A Facebook da TikTok gajeren bidiyon aiki ya fi hoton kaya tafiya: yadda ake miƙe gargare, yadda ake gane kacar da ta ƙare. Hoton yaro ba ya hawa sai da yardar iyayensa.

Wa kake yi wa magana, kuma yaushe

Manomin Jiratawa da ke kawo zogale da kayan lambu ba abin da ya dame shi da launi, tambayarsa ita ce kariya za ta ɗauki nawa, sifoki masu kauri ne, taya za ta jure. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, kusan da magana ɗaya take tallata kekenta Buffalo: kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Kai ma gwada naka da buhu a gaban jama'a, ka faɗi abin da ka gani, kada ka ƙara. Tsohuwar tallar Raleigh a Afirka, mai hoton mutum a kan keke yana murmushi zaki na bin sa, ita ma abu ɗaya ta faɗa ba tare da dogon rubutu ba.

Uban ɗan lakwal lissafi yake so. A ce kabu-kabu dala arba'in ne zuwa, dala arba'in dawowa, sefa 400 ke nan a yini, cikin kwana 22 na karatu ya zama 8,800 a wata. Keken jika 45 ya biya kansa cikin wata biyar da ƴan kwanaki. Sa kuɗin da ake biya a unguwarku a yau, ka rubuta lissafin a allo ƙofar shago. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma wannan lissafin ne ke shigar su, sai dai su za su tambayi giya da makulli. Kekuna masu saukakkiyar sanda, waɗanda ake hawa da zane ko doguwar riga, a jera su gaba a nuna murfin kacar, iyayen ƴan mata shi suke dubawa.

Lokaci kuma rabin talla ne. Makarantun firamare suna buɗewa a watan Oktoba, don haka tallar keken ɗalibi daga farkon Satumba take. Da kaka, in an sayar da wake, gyaɗa da aya, kuɗi yana hannun mutanen karkara, lokacin ne na ɗora kekuna biyar-shida a kai kasuwannin ƙauye, a ba sanƙira suna da kirari ya zagaya da su. Kekunan yara kafin Sallah. Da damina a tallata murfin taya da robar birki. In za a shiga rediyo, daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalma sittin zuwa saba'in: sunan shago sau uku, alkawari ɗaya, kwatance da wurin da kowa ya sani. Lambar waya a rediyo ba ta zama a kai. Lokacin kokowar takobi kunnuwa suna kan rediyo, amma a kama wuri da wuri.

Taro

Tseren keke tun asalinsa talla ne. Jaridar L'Auto ta Faransa ce ta ƙirƙiro tseren Tour de France a 1903 don ta sayar da kanta, rigar rawaya ta wanda ke kan gaba a tseren, da aka fara sawa a 1919, ana danganta ta da launin takardar jaridar. Michelin ta yi suna ne a 1891, da Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa a kan tayarta mai cirewa. Maƙwabtanmu na Burkina suna da Tour du Faso tun 1987, kuma tun da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a Tour de France na 2024 samari sun ƙara sa ido a wasan.

Amma tseren gudu a kan titi yana son izinin ma'aikatar magajin gari, ƴan sanda, ma'aikacin lafiya da hular kwano, kuma yaro ɗaya ya karye da rigarka a jikinsa, da wannan za a riƙa tuna sunan shagon. Ƙaramin shago ya fara da abin da zai iya riƙewa. Tseren nawa, inda wanda ya zo ƙarshe bai sa ƙafa ƙasa ba shi ya ci, yana son fili mai tsawon mita 20 kawai, layuka da toka, kuma dariyar da ake yi ta fi ta tseren gudu. Ko ranar gyara kyauta a harabar makaranta da izinin darakta: masu gyara uku, famfo biyu, man kaca, robar birki a kuɗin sari, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya kafin rana ta yi zafi. A ƙayyade adadi, a raba lamba hamsin, in ba haka ba layin zai fi ƙarfinku a watse da ɓacin rai. Kowane keken da aka taɓa a manna masa sitika da izinin mai shi. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, dalili ne mai kyau na gayyatar ƴan rediyo, sai dai ta faɗo dab da jarrabawa, a daidaita da makarantar tukuna.

A littafin ciniki a ƙara layi ɗaya: "Wa ya turo ka?" Yaron shago ya tambayi kowa, ya rubuta kalma ɗaya, sitika, mai faci wane, rediyo, waya, ɗan'uwa. Ƙarshen wata a ƙidaya, a raba abin da aka kashe a kowace hanya da yawan mutanen da ta kawo. In ribar keke jika 6 ce, hanyar da ke cin jika 8 kafin ta kawo mutum ɗaya a dakatar da ita, amma sai an ba ta wata uku, domin wanda ya ji talla a Satumba wataƙila sai ya sayar da wakensa a Nuwamba zai zo.